A bar matuƙi ya ce a koma

Akwai wani bidiyo da ba ya tsufa a wayoyin zango. Yau ka gan shi a hannun ladan, gobe a hannun yaran da ke shan ataya a unguwar Aboabo ta Kumasi: ƙaramin jirgi ya ɓullo daga cikin gajimare, ya nufi wani guntun titi da aka manna a jikin dutse, ya dira, ya haura tudu a guje, ya tsaya dab da bango. Masu kallo su riƙe baki su ce, "Kai, wannan matuƙi namiji ne." Wurin shi ne Lukla a ƙasar Nepal, ƙofar da masu hawan dutsen Everest ke bi. Ni a ganina matuƙin da ya fi cancantar wannan kirari ba ya cikin bidiyon. Ba wanda ke ɗaukar hoton jirgin da ya iso bakin kwari, ya ga sama ba ta yi masa ba, ya juya ya koma Katmandu da fasinjojinsa suna ta ƙunƙuni.

Titin Lukla mita 527 ne kacal. Na filin jirgin Accra ya kai mita 3,400, namu na Kumasi da aka daɗe ana kukan ya yi gajere shi ma ya ninka na Lukla fiye da sau uku. An shimfiɗa shi a 1964 da ƙoƙarin Edmund Hillary, ɗaya daga cikin biyun da suka fara kaiwa ƙololuwar Everest, a tudun da ya haura mita 2,800 daga bakin teku. Ko ka ɗora dutsen Afadjato namu na Ghana uku a kan juna ba ka kai can ba. Kuma ba a kwance yake ba, gangare ne na kusan kashi 12 cikin 100. Bakinsa na ƙasa kwazazzabo ne, na sama bango ne da dutse. Ta ƙasa ake shigowa a hau tudun don ya taimaka wa birki, ta nan ɗin kuma ake gangarowa a tashi. Ƙofa ɗaya ce, ko iska na gabanka ko tana bayanka.

Abin da ke kashe mutane a irin waɗannan wurare yawanci ba ya fitowa a hoto, domin iska ce. Fiffike iska yake dannawa, farfela iska take ja, inji iska yake shaƙa. A tsayin Lukla iskar ta saki, kaurinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu in an gwada da ta bakin teku. Agogon da ke gaban matuƙi zai nuna masa gudun da ya saba sauka da shi, amma a ƙasa jirgin ya fi haka gudu da wajen kashi 15 cikin 100. Ƙarin gudu ƙarin titi yake nema kafin a tsaya, ga titin guntu. In rana ta take, iska ta ƙara saki. In wani ya roƙa aka cusa masa buhu biyu a bayan kujera, an ƙara ci daga ɗan abin da ya rage. Sannan iskar da ta hau dutse ta wannan gefe takan zubo da ƙarfi ta wancan gefen, ta danne duk abin da ta tarar. Shi ya sa a kwaruruwan Nepal da safe ake zirga-zirga, kafin hantsi ya tayar da iska. Ido ma yana cin amanar mutum: titin da ya hau tudu yakan sa matuƙi ya ga kamar ya yi sama da yawa, ya rage, ya wayi gari yana ƙasa da bakin titin.

Wanda ya taɓa bin babbar mota da cikakken lodi tana hawan gangaren Mampong ya san yadda inji ke nishi a tudu. Sai dai in ƙarfinta ya ƙare, direba yakan taka birki, karen mota ya dira ya tare taya da dutse, kowa ya sauko ya sha iska. Jirgi ba shi da karen mota, ba shi da gefen hanya.

A manyan filaye, in sauka ba ta zo daidai ba, matuƙi yakan ƙara wuta ya sake tashi, ya zagayo ya gwada. Tun yana ɗalibi ake koya masa wannan, kuma ba abin kunya ba ne. A irin Lukla kuwa akwai wani wuri a cikin kwarin da in ka wuce shi babu sauran zagayowa. Dutsen da ke gaba ya fi ƙarfin hawan jirgin, kwarin ya yi ƙunci a juya. Daga nan sauka ce dole, ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ashe shawarar da ke raba rai da mutuwa ana yanke ta ne 'yan mintoci kafin nan, lokacin da babu abin da ya lalace tukuna, inji na aiki, fasinja na ɗaukar hoto, gajimaren da ke gaba kuma ka ce yanzu zai wuce. A nan gizo ke saƙa, domin mutum ba ya son juyawa daga abin da bai riga ya zama masifa ba.

Ranar 8 ga Oktoban 2008 wani ƙaramin jirgi ƙirar Twin Otter na kamfanin Yeti ya zo sauka Lukla hazo ya rufe bakin titin. Ya zo ƙasa-ƙasa, ya bugi dutsen da ke gaban titin, ya kama wuta. Mutum 18 suka mutu, 12 daga cikinsu Jamusawa, kyaftin ɗin kaɗai ya tsira. A Mayun 2017 wani jirgin kaya ya sake faɗawa ƙasa da bakin wannan titi cikin hazo, matuƙan biyu suka rasu. A Jomsom kuwa, wani filin tsauni a Nepal ɗin, ranar 14 ga Mayun 2012 matuƙin wani jirgi ƙirar Dornier ya fasa sauka ya yi niyyar juyawa, fiffike ya taɓa dutse, mutum 15 cikin 21 suka tafi, galibinsu Indiyawa masu ziyarar wurin ibada. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro, domin mutumin ya ce a koma, sai dai ya faɗa a inda wuri ya riga ya ƙure.

Kada wani ya ce rashin gwaninta ne. Kafin hukumar Nepal ta bar matuƙi ya jagoranci jirgi zuwa Lukla sai ya yi sauka da tashi 100 a gajerun filaye, ya shekara yana wannan aiki a ƙasar, ya kuma shiga Lukla sau 10 da malami a gefensa. Faransa ma ba ta barin kowa ya sauka a Courchevel, titin da ke tsaunukan Alps, sai mai shaidar horo ta musamman. Gwanaye ne ke shiga waɗannan wurare, kuma gwanaye ne ke mutuwa a cikinsu. Abin da horo ba ya cirewa shi ne nauyin da ke kan wuyan mutum. Lokacin baƙi gajere ne, kamfani da yawan sawu yake cin abinci, ga waɗanda suka biya kuɗi suna jira. A Nuwamban 2011 hazo ya tsare masu yawon buɗe ido sama da 2,000 a Lukla kwana da kwanaki. Ka ɗauka kai ne matuƙin da aka ce sama ta ɗan buɗe, na gabanka ya sauka lafiya minti biyar da suka wuce. Da wane baki za ka ce kai ba ka iya ba?

To me ya haɗa ɗan Kumasi da tsaunukan Himalaya? Da a ce kafin Agustan 2025 aka yi mini wannan tambaya, da na sha wuya wajen amsawa.

Ranar 6 ga wannan wata jirgin sojan sama mai saukar ungulu, ƙirar Z-9, ya tashi daga Accra da ƙarfe 9:12 na safe zuwa Obuasi, inda za a yi taro a kan haƙar zinariya. Bai isa ba. Ya faɗi a dajin da ke tudun Adansi, nan ƙasar Asante, da mutum takwas a ciki: ministan tsaro Edward Omane Boamah, ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, Alhaji Muniru Mohammed na ofishin tsaron ƙasa, Samuel Sarpong, Samuel Aboagye, da sojoji uku masu aikin jirgin. Rahoton da aka fitar a Nuwamba ya ce jirgin lafiyarsa ƙalau, matuƙan ƙwararru ne, har ma an jinkirta tashi saboda yanayi. Abin da ya kayar da shi iska ce mai zubowa ƙasa a kan tudu, ta kwashe masa tsayi farat ɗaya, ga hazo da gajimare sun sauko. Rahoton ya kuma ce jirgin ba shi da na'urar da ke yi wa matuƙi kashedi in ƙasa ta matso. Tudun Adansi ko kusa bai kama ƙafar Himalaya ba, amma ga jirgin da ke bin ƙasan gajimare don ya riƙa ganin hanya, tudu mai mita ɗari kaɗan ma ya isa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Satumban 2006 jirgin sojan Najeriya ɗauke da manyan hafsoshi ya bugi tudu a jihar Binuwai a hanyarsa ta zuwa Obudu, mutum 13 suka mutu. A Maris ɗin 2008 wani jirgin da ya nufi ƙaramin filin Bebi, can Obudu ɗin, ya ɓace, sai bayan watanni aka ga ɓaraguzansa. A Yunin 2024 mataimakin shugaban Malawi, Saulos Chilima, ya tashi zuwa Mzuzu a hanyarsa ta zuwa jana'iza, hazo ya hana sauka, jirgin ya faɗi a dajin Chikangawa da mutum tara. Ka duba su: tudu, gajimare, galibi kuma da taron da ake jira.

Makon da abin Adansi ya faru, magana uku na riƙa ji a zango. Wasu sun ce da hannu a ciki, masu galamsey ne, wato masu haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya. Wasu sun ce asiri ne. Mafi yawa suka ce kwana ne ya ƙare. Bayan la'asar a ƙofar wani masallaci a Asawase na ce ya kamata a binciki ko akwai tashar auna yanayi a hanyar, sai wani dattijo da nake girmamawa ya ɗago ya dube ni.

"Kai yaro, boko ya cika maka ciki. Wanda ajalinsa ya zo, wace na'ura ce za ta riƙe shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, babu. Amma da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, me ya yi?"

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Juyawa ya yi."

Ya san ƙissar ya fi ni. Shi da kansa ya ƙarasa ta: Abu Ubaida ya tambayi Umar ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, Umar ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Bai ce na yi gaskiya ba, dattijo ba ya faɗa wa yaro haka a gaban jama'a, sai ya juya maganar zuwa tsadar masara. Ni dai abin da nake ja a kai ke nan. "Kwana ya ƙare" magana ce ta ta'aziyya, kuma a gidan makoki babu wadda ta fi ta. Amma in aka ɗauke ta aka kai ofis, sai ta zama murfi. Wanda bai sayi na'ura ba ya samu mafaka, wanda bai gyara rediyo ba ya samu mafaka. Maganar hannu da asiri ma aikin da suke yi ke nan ta wata hanya: in maƙiyi ne ya yi, to babu abin gyarawa a gida.

Kafin matuƙi ya iya cewa a koma a kan lokaci, abu biyu yake bukata. Na farko ya san abin da ke gabansa. Wannan maganar kuɗi ce: tashoshin yanayi a kan hanya ba a manyan filaye kaɗai ba, na'urar kashedin tudu a cikin jirgi, taswira ta zamani, injin kwaikwayon tuƙi da zai riƙa gwada mugun yanayi a cikinsa ba tare da ya sa ransa ba. Gwamnati ta yi maganar sayen sababbin jirage masu saukar ungulu a kasafin 2026, kuma ban ƙi ba. Sai dai sabon jirgi ana yi masa biki, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Ƙaramar tashar yanayi a kan tudun Kwahu ko na Atiwa ba mai zuwa buɗe ta, kuma ita ce za a fara mantawa da kuɗin batirinta.

Na biyun ya fi wuya, domin ba a saye. Shi ne matuƙi ya san in ya ce a koma, ba abin da zai same shi. A nan laifin ya zo har ƙofarmu. Wani hunturu ina filin jirgin Kumasi ƙura ta rufe gari, ko bishiyoyin bakin titi ba a gani sosai. Aka ɗaga tashin safe, aka sake ɗagawa. Wani Alhaji da babbar riga mai aiki ya tasa yarinyar da ke kan tebur a gaba, yana buga tikitinsa a kan katako, wai yana da ɗaurin aure a Nima bayan azahar, wai ai yana ganin rana da idonsa. Ɗan ƙanensa na jan hannun rigarsa yana cewa, "Kawu, ka yi haƙuri, ba ita ke tuƙi ba." Shi kuwa cewa yake, "A kira mini matuƙin, tsoro ne kawai." Mutane da yawa a wurin suna gyaɗa kai. Wannan fasinja ne da tikiti ɗaya. Yanzu ka mayar da shi minista, ko janar, ko mai kamfanin, matuƙin kuma ƙaramin hafsa ne da ƙarin girmansa ke hannun mutanen da ke zaune a bayansa. Ba sai an yi masa tsawa ba. Duban agogo sau biyu ya isa.

Mu mutane ne masu kunyar manya, kuma ina alfahari da hakan a zaure. A cikin jirgi kuwa dokar duniya ta riga ta raba gardama: kyaftin ne ke da magana ta ƙarshe a kan lafiyar tafiya, ko sarki ya ɗauko. Rubutu a takarda ne, sai an gina masa katanga. Wasu ƙungiyoyin jiragen ɗaukar marasa lafiya a Turai da Amurka sun gano dabara: ba a faɗa wa matuƙi halin da majinyacin ke ciki sai ya gama duba yanayi ya ce e ko a'a, don kada tausayi ya tura shi cikin gajimare. Mu da muka rasa jirgin soja a dajin Atiwa a 2002 yana ɗauke da marasa lafiya daga Nkawkaw, ya kamata wannan ya shige mu. Haka za a iya yi wa tafiyar manya. Jami'in tsare-tsaren minista kada ya kira matuƙi kai tsaye. Duk tafiyar da za a yi da ƙaramin jirgi zuwa wurin da ke da tudu, a tanadi mota tun daren jiya. Obuasi ba ta fi tafiyar awa ɗaya da wani abu daga Kumasi ba. In babban mutum ya san mota na jiransa a Kumasi, kalmar "a koma" ta yi araha, kuma abin da ya yi araha shi ake saye.

Na san abin da za a ce. In ana jiran sama ta washe tas, a damina ba za a yi tafiya ba, kuma akwai malalacin da zai fake da yanayi. Gaskiya ne, jinkiri ma yana da nasa gawarwakin, musamman in mai naƙuda ce ke jira a ƙauyen da hanya ta yanke. Shi ya sa ban ce a rufe irin waɗannan filaye ba. Kafin a yi titin Lukla sai an yi kwanaki ana tafiya a ƙasa da kaya a ka. A Lesotho da Papua ƙananan jirage ne ke kai likita inda mota ba ta zuwa. Mu ma yankin Afram da tsibiran tafkin Volta suna da irin wannan bukata, ko da yake jiragen Zipline marasa matuƙi da suka fara aiki a 2019 sun nuna cewa jini da magani suna iya tafiya ba tare da an sa ran mutum a sama ba. Maganin malalaci kuwa ƙa'ida ce a rubuce: in nisan gani ya gaza kaza, in gajimare ya sauko ƙasa da kaza, ba a tashi, ko wane ne a ciki. In ya wuce haka, a tashi. Ƙa'ida tana kare matuƙi daga babban mutum, tana kuma kare babban mutum daga matuƙin da ke son ya burge shi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma sai an rubuta masa inda zai fara ja.

Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan siyasarmu ke ɗaukar filin jirgi kamar kyautar sallah. Kowane zaɓe sai an yi wa wani yanki alkawarin nasa. An gina na Ho, kamfanin da ya fara zuwa a ƙarshen 2021 ya daina bayan 'yan watanni. Kwalta da gini su ne ɓangare mai sauƙi. Ƙaramin fili a wuri mai tudu yana son mutumin da zai kwana ya tashi a wurin, ya dubi sama da kyallen nuna iska, ya kori awaki, ya sa a yanke ciyawa, ya ɗauki rediyo ya ce wa mai zuwa kada ya zo. Albashin wannan mutum ba ya cikin alkawarin kowa. Nepal tana da gwanayen matuƙa, duk da haka Tarayyar Turai ta hana jiragen ƙasar shiga sararinta tun 2013, kuma cikin abin da ake kuka da shi har da cewa hukuma ɗaya ce ke gudanar da filayen, ita ce kuma ke sa wa kanta ido.

Mu dai muna da ofishin binciken haɗurran jiragen sama da doka ta kafa a 2020, kuma an karanta wa jama'a sakamakon binciken Adansi a fili, abin da ba kowace ƙasa a yankinmu ke yi ba. Saura bibiya. Asawase na da ɗan majalisa, Ayawaso na da nasu, Tamale ta Tsakiya da Murtala ya wakilta ita ma tana da kujera a zauren. Ina so ɗaya daga cikinsu ya miƙe duk shekara lokacin kasafi ya tambayi ministan tsaro da na sufuri: cikin shawarwarin rahoton nawa aka aiwatar, jirage nawa ne har yanzu ke ɗaukar mutane babu na'urar kashedin tudu, tashoshin yanayi nawa ke aiki tsakanin Accra da Kumasi, kuma sau nawa a bara matuƙi ya fasa tafiya saboda yanayi ba tare da an kira shi ofis ba.